Wutar Ƙirjin Yaya Sha'ibu

Shekarar da kuɗin man fetur suka fara shigowa, kowa a Ruwan Godiya zancen sabon keke da rediyo yake yi, mu kuwa a gidanmu zancen rabon gandu ake. Yayana Sha'ibu ne ya tayar da shi. Tun kaka ƙirjinsa ke ci da wuta, in ya kwanta wani ruwa mai tsami ya hauro masa har maƙogwaro. Wani mai magani a kasuwar Ƙanƙara ya tabbatar masa sammu ne, kuma daga cikin gida. Gidan kuwa daga shi sai ni. Bai taɓa faɗa mini ido da ido ba, amma ya daina sa hannu a kwanon da ya fito daga ɗakin matata, ya ce kafin damina kowa ya kama gonarsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don shi ya rene ni bayan rasuwar Baba.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka shiga mota zuwa wani babban asibiti a Zariya. Na san ya yarda ne kawai don likita ya gaza a gabana. Likitan ya ce za a zura siririyar roba ta hanci har ciki, a zuƙo ruwan a auna tsaminsa, amma kada ya ci komai sai an gama.

Da safe aka zura robar. Yaya da ke kayar da bijimi shi kaɗai, sai ga shi yana hawaye, ya damƙe hannun rigata, ya manta ni ne abin zargi. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya ce abin da mamaki, cikin nan ba tsami ko kaɗan. 

"To, Gide, ka ji da kunnenka," in ji Yaya. "Ciwon ga ba na asibiti ba ne."

Yana faɗa ya sa hannu a aljihu, ya ɓalli jar kanwa ya jefa a baki, kamar wanda ya ci shari'a. Likita ya tambaye shi tun yaushe yake tsotsarta. Ya ce tun asuba, kamar kullum, ita kaɗai ke kwantar masa da wutar.

"Abinci kuka hana ni," in ji Yaya. "To, kanwa ko abinci ce? Ko shanu ba su ƙoshi da ita."

Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce kanwa kashe tsami take yi, ita ta ɓoye abin da ake nema. Aka karɓe ta, aka ce mu dawo washegari. Yaya ya yini yana mita.

Karo na biyu tsami ya fito fal. Da aka ɗan janyo robar zuwa ƙirji, can ma aka same shi, inda bai kamata ya kai ba. Likita ya ce ƙofar tumbinsa ce ta saki, ruwan ciki ke haurowa. Ya ba shi magani, ya ce ya rage yaji da goro, ya daina kwanciya da tuwo a baki. Yaya ya tambaya ko mutum na iya sa wa wani wannan ciwo. Likita ya ce sam. Ni dai ji na yi kamar an sauke mini buhun dawa daga ka.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida har muka wuce Funtuwa. Can ya gyara murya, idonsa na kan hanya.

"Gide, fadamar nan ta gabas, bana rake za mu sa ko shinkahwa?"

Na ce duk wanda ya zaɓa ya yi. Sai na juya fuska wajen taga, don kada fasinjoji su ga ƙaton mutum yana kuka.