Sunan Baban Sherifa

Shekara ashirin da bakwai Mma Hawawu tana ninke tawul a ɗakin wanki na kulob ɗin golf na Al Ghafat, can bayan garin Dubai, kuma har yau ba ta ga kan wasan ba. Manyan mutane da furfurarsu da dukiyarsu su bugi ɗan mitsitsin ƙwallo, su hau mota su bi shi, in sun same shi su sake bugunsa. In hira ta biyo ta nan a filat ɗinsu na unguwar Satwa, inda suke zaune su biyar, duk matan Zangon Kumasi, takan ce ƙoshi ne kawai yake ɗawainiya da mutane. Amma kada wani ya kuskura ya kushe ciyawar filin a gabanta, don ciyawar nan aikin mijinta ce.

Lokacin da aka buɗe kulob ɗin a 1990 babu ko tsinken ciyawa a wurin. Rairayi ne iya ganinka, sai itatuwan ghaf guda bakwai da wurin ya ci sunansu. Kewayen kowane ramin da ƙwallo ke faɗawa a kan zuba wa yashi baƙin mai a daɓe shi, kowane ɗan wasa kuma yana yawo da guntuwar ciyawar roba a hammata, ya shimfiɗa ya buga ya naɗe abarsa. Mijin Hawawu ya zo daga Kumasi a shekarar, aikinsa ya bi bayansu da buhu yana share sawu. Da aka kawo irin ciyawa bayan shekara huɗu, sau biyu tana ƙonewa ƙurmus saboda gishirin ruwan. Shi ne ya fara tuɓe takalmi da sassafe yana taka filin taku ɗaya-ɗaya, tafin ƙafarsa na gaya masa inda gishiri ya taru, a wanke wurin da ruwan daɗi kafin rana ta ɗaga. A karo na uku ciyawa ta kama. Ya yi ta takawa haka har shekara shida da suka wuce, da zuciyarsa ta tsaya, aka binne shi a nan Dubai.

Bana kulob ya cika shekara talatin da biyar, aka ce za a mayar da dogon barandan da ke kaiwa ɗakin cin abinci bangon tarihi. Wata safiya Hawawu ta biyo da keken tawul sai ta yi kiciɓis da hoton mijinta a jikin bango, babu takalmi, wando a naɗe, yana dariyar nan tasa mai fito da wushirya.  Ta daɗe tana kallonsa kafin idonta ya sauka kan rubutun da ke ƙasa: Jimi, mai kula da fili, 1994.

A nan Mahfuza ta same ta. Mahfuza 'yar Kano ce, tana aiki a ofishin shirya bukukuwa, ita aka ɗora wa aikin bangon, kuma tun zuwanta ta maƙale wa Hawawu saboda wake da shinkafar da take kawowa ranar Juma'a. Ta tambaye ta ko ta san mutumin.

"Baban Sherifa ne," in ji Hawawu. "Kuma ba sunansa Jimi ba."

Mahfuza ta riƙe baki. Ta ce abin da ta gani a bayan hoton ke nan, tsofaffin takardun ma'aikata kuwa sun bi kamfanin da ya ɗebo su, kamfanin ya daɗe da rushewa. Ta zaro biro ta ce Mma ta faɗi sunan, yau ɗin nan za a gyara. Hawawu ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke 'yar Kano, ni za ki sa in kama sunan mijina? A Kanon haka aka koya miki?"

Gaskiyar magana, shekara ashirin da shida suka yi da aure bakinta bai taɓa furta sunan ba, kuma mutuwa ba ta canja komai ba. Kafin haihuwa Malam take ce masa, da aka haifi Sherifa ya koma Baban Sherifa. In an je ofishin sabunta biza aka tambaye ta sunan miji, sai ta tura fasfo ta ɗora yatsa a kan layin. Akwai wani tela a Satwa mai irin sunan, Mai-suna take ce masa, har makwabta suka ɗauka sunansa ke nan. Shi kansa marigayin yakan tsokane ta, ya ce zai ba ta turmin atamfa in ta faɗa sau ɗaya, ita kuma ta ce ya riƙe atamfarsa. Ba tsoronsa take ji ba, don mutumin ko kaza ba ya iya tsawata wa. Girma ne da ta ba shi tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, kuma tana jin daɗin ba shi. Mu ma sai mu yi mata kara, mu bar sunan inda ta ajiye shi.

Washegari ta zo da tsohon fasfonsa a ƙulle cikin ɗankwali, Mahfuza ta kwafi sunan. Sai dai kwamitin tarihi, kamar kowane kwamiti, ba ya son abu ya zo da sauƙi. Suka ce fasfo ya nuna sunan mai fasfo, bai nuna shi ne mutumin hoton ba, kuma tsofaffin 'yan kulob duk da Jimi suka san shi. In ana so a sake allon, sai wanda ya san shi ya tabbatar a gaban kyamara, cikin bidiyon da ake ɗauka don bikin. In ba haka ba ranar Alhamis za a zana rubutun a jikin tagulla yadda yake.

Abin ya tsaya wa Hawawu a rai. Ta san asalin Jimin nan. Wani Bature ne cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin ya kasa faɗin sunan, ya laƙaba masa wanda ya fi masa sauƙi. Marigayin yakan mayar da abin wasa, ya ce in dai za a bar shi da ciyawarsa ko Jummai suka kira shi zai amsa. Amma ta tuna shekarar da Sherifa ta zo hutu tana 'yar shekara tara, ta ji ana ƙwala wa ubanta Jimi daga cikin motar wasa, ta tambaye shi ko ya bar Musulunci ne. Ya yi dariya a gaban yarinyar. Da suka koma gida ko tuwon bai taɓa ba. Sherifa yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Kumasi, da 'ya'yanta biyu, kuma wata rana 'ya'yan nan za su iya tsayawa a gaban bangon suna neman kakansu.

Mahfuza ce ta samo dabara. Ta ce ita za ta karanta sunan daga takarda, Mma ta ce shi ne, khalas, shi ke nan. Hawawu ta juya maganar ta ga babu inda ta taɓa mutuncin kowa, ta ce to.

Ranar Laraba da hantsi aka kafa kyamara a gefen rami na tara, inda ciyawar ta fara kamawa. Hawawu ta ci ado da leshinta na salla, aka ba ta kujera a inuwar ghaf. Kujerar da ke kusa da ita wani tsohon Bature ne a kai, fata duk ta saki, na'urar ji a kunne, sanda tsakanin gwiwoyi. Mista Pemberton, wanda aka ɗauko daga Ingila musamman don bikin. Ba ta buƙatar a gabatar mata da shi. Shi ne mai Jimin.

Shi aka fara tambaya, ya kuwa buɗe baki. Ya ba da labarin yashi da baƙin mai, da yadda suka yi wa Jimi dariya ranar da suka fara ganinsa yana yawo ba takalmi, da yadda masanin ciyawar da aka ɗauko da kuɗi mai yawa ya koma yana binsa a baya da littafi. Ya ce duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin nan a kan tafin ƙafar Jimi ya buga.  Hawawu ta zo da haushinsa na shekara da shekaru, sai ta ga tsohon son mijinta yake yi tsakani da Allah, ta rasa inda za ta ajiye haushin.

Mahfuza ta ɗaga hoton, ta bayyana cewa wannan matarsa ce, kuma Jimi ba sunansa ba ne. Ta karanta sunan daga takarda da sauri irin na mai son a gama. Hawawu ta ce shi ne. Mai kyamara ya ɗaga babban yatsa, aiki ya ƙare, allo zai canja.

Tsohon bai motsa ba. Ya taɓa na'urar kunnensa, ya ce bai ji ba. Mahfuza ta miƙa masa takardar, ya duba, leɓɓansa suka yi ta motsi ba abin da ya fito. Sai ya mayar mata, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya wajen Hawawu. Turancinsa a hankali yake fita, ta ji kowace kalma.

"Shekara ashirin da tara ina kiransa da sunan da ba nasa ba, don na yi ƙyuyar koyon nasa. Ban taɓa tambayarsa ko ya damu ba. Madam, ke kika fi kowa saninsa. Ki koya mini yadda ake faɗa, in faɗa daidai ko sau ɗaya ne."

Mahfuza ta yi wuf ta shiga tsakani, ta fara yi masa bayanin cewa a al'adarsu mace ba ta kama sunan miji, ita za ta koya masa. Hawawu ta dafa hannunta.

"Bari, 'yata. Shwaiya, a hankali."

Ta dubi filin. Injin ban ruwa yana juyawa can wajen rami na goma, wasu mutum biyu sun tsaya da sandunansu suna jiran a gama ɗauka. Kunya ta rufe ta tun daga ƙafa har ka, irin wadda ta ji ranar da aka kai ta gidan mijinta. Ta yi tunanin abin da kakarta za ta ce. Ta kuma yi tunanin cewa duk tsawon zamansa a ƙasar nan, a fili ana ce masa Jimi, a gida ana ce masa Baban Sherifa, mutumin ya yi kusan shekara talatin ba ya jin sunan da uwarsa da ubansa suka raɗa masa sai a bakin ma'aikacin biza. Wannan bai taɓa zo mata ba sai yau, kuma ya yi mata ciwo.

Ta buɗe baki, abin ya fito ƙasa-ƙasa, ko ita da ƙyar ta ji. Tsohon ya karkato da kunnensa. Ta gyara murya.

"Zainul Abideen."

"Zanal," in ji tsohon.

"A'a. Zai-nul."

"Zai-nul."

"Abideen. Ka ja ƙarshen."

Ya ja, ya wuce gona da iri, har mai kyamara ya sunkuyar da kai yana dariya. Ita ma dariyar ta kama ta, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Sai da ta faɗa sau huɗu kafin harshen tsohon ya miƙe, ya faɗe shi cikakke, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na biyar ɗin ba wanda ya roƙe ta.