Man Da Aka Shanya A Kan Soro

A Ƙofar Na'isa akwai wani tsohon baduku, Malam Babagana, wanda kakanninsa suka zo daga Barno. Shi a saninsa babu fatar da ba ta shan mai. Ta akuya tana sha, ta damo tana sha, har ta jimina da ya taɓa ɗinka jaka da ita, mai tsiro-tsiro kamar ta yi ƙyanda, ita ma ta sha. Sai ga fatar jikarsa Sadiya ta gagare shi.

Sadiya zabiya ce. Duk ranar da ta taso daga makaranta da azahar, sai ta shigo gida wuya da kunnuwa jawur, bayan kwana biyu fatar ta saluɓe. Ran nan ubanta Ibrahim ya tsaya a zaure ya ce, "Baba, na gaji da ganin yarinyar nan kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. In ta sake saluɓewa, makaranta ta ƙare."

Yarinya kuwa ko zazzaɓi take yi sai ta rataya jakarta. Don haka tsohon ya kama hannunta zuwa wani ƙaramin asibiti, inda wata ma'aikaciyar jinya, Malama Husaina, ta ba su man kare fata daga rana, a 'yar roba irin ta man goge baki. Ta yi bayani da sauri saboda layi ya yi tsawo. Shi kuma hankalinsa yana kan wani ƙadangare mai jela biyu da ya gani a bango.

Da suka dawo, matarsa Falmata ta karɓi robar ta shinshina. Sana'arta haɗa humra, turaren nan na matan Barno, kuma kwalabenta a kan soro take jera su don rana ta nunar da su.

"Wannan ɗanye ne, Malam," in ji ta. "Ko ƙamshi ba shi da shi. Bari in kai shi sama ya nuna."

Maganar ta yi masa daɗi. Tunda da rana man zai yi yaƙi, ai gara ya san abokiyar gabarsa tun da wuri. Haka robar ta riƙa wuni cikin kwalabe, sai magariba a sauko da ita.

Kullum da safe sai ya zaunar da Sadiya. "Zo nan, amarya, miƙo wuyan." Ya shafa, man ya tsaya fari fat a sama. Wannan ya ɓata masa rai, don a wurin baduku man da bai shige ba asara ne. Ya yi ta murzawa da babban yatsa, abin da ya ƙi shiga ya goge da tsumma.

"Kaka, ni ba takalmi ba ce!"

"Takalmi ya fi ki jin magana."

Da farko abin ya yi sauƙi. Daga baya jan ya dawo. Malam Babagana ya yanki jar fatar akuya, ya shafa wa rabi man, ya bar rabi, ya ɗora a katanga cikin rana. Duk suka koɗe tare. Ya ɗauki roba da fatar, ya nufi asibiti yana huci.

"Malama, man nan na jabu ne. Ga shaida."

Husaina ta matsa robar. Wani ruwa rawaya ya fara tsiyayowa, sannan gudaji kamar madarar da ta tsinke. "Baba, a ina kuke ajiye shi?"

"A kan soro. Don ya nuna."

Ta dafe kai. "Innalillahi. Baba, rana cinye shi take yi. Ko a jikin mutum gajiya yake, shi ya sa na ce a ƙara da rana, a ƙara bayan alwala. Kuma irin wannan a saman fata yake aiki, kamar rumfa. Kuna barinsa ya zauna?"

Ya tuna tsummansa.

"To ba ni wani."

"Ya ƙare. Sai an sake kawo mana, kuma ban san yaushe ba."

Ya tsaya a kemis biyu a hanya, duk man bilicin suka miƙo masa. A gida ya tarar da Falmata tana tace humra, ya sauke mata haushinsa.

"Kin dafa maganin yarinya!"

"Rana tana nunar da humra, tana nunar da mangwaro, sai wannan ne ɗan sarauta? Kuma da na faɗa, wa ya ce madalla?"

A lokacin ne Ibrahim ya shigo riƙe da hannun Sadiya. Ya ɗaga gefen hijabinta. Bayan kunnen ya saluɓe.

"Ibrahim, laifinmu ne, ba na makaranta ba. Za a kawo wani."

"In an kawo, Baba, sai mu yi magana."

Ya cire jakar daga kafaɗarta, ya rataye a ƙusa can sama inda hannunta ba ya kaiwa. Sadiya ba ta yi kuka ba, kakanta kawai ta kalla. Malam Babagana ya juya robar a hannunsa, ya rasa inda zai sa ta. Sai ya tsuguna ya tura ta ƙarƙashin randa, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan.