Turin Mota a Hanyar Kankiya

"Tura, Alhaji! Sa ƙarfi, ta kusa tashi!"

Sodangi direba ya leƙo da kai ta taga, ya saki kuloci, motar ta yi tsalle ɗaya ta lafe. Ina fa za ta tashi! Lafiyarta ƙalau, shi ya kashe makulli da hannunsa daidai wata tsamiya da ke kan hanyar Kusada zuwa Kankiya, ya ce batir ne.

A madubi yake kallon fasinjansa, dattijo mai furfura, ya naɗe hannun riga, kyamara na reto a ƙirjinsa. Wai har dariya yake yi.

"Kai, wannan ma abin rubutawa ne! Na shiga kwalekwale a Yawuri, na hau motar shanu a Mubi, amma turi dai sai yau."

Alhaji Bishir ke nan. Tun da ya yi ritaya ya ɗauri niyyar ganin kowace ƙaramar hukuma a ƙasar nan cikin motar haya, da ɗan littafinsa da gorar ruwansa. Da hantsi ya gama zagaya Kusada, ya ga mota ba ta da niyyar cika, ya ɗauki shatar Sodangi. Kafin ya shiga sai ya ƙwanƙwasa bonet da yatsu biyu, cikin raha ya ce, "Direba, takardu sun cika?"

Nan take Sodangi ya juyo ya dube shi. Ko a lahira ya ji muryar nan zai gane ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a gindin wannan tsamiyar, mutumin nan na cikin kaki yana duba takardun motoci. Sodangi ya ɗauko matarsa Hawwa'u tana naƙuda, jini na zuba, yayarsa Iyatu na riƙe da ita a kujerar baya. Takarda ɗaya ce ta ƙare da kwana huɗu. Babu irin roƙon da bai yi ba, har ƙasa ya durƙusa. Mutumin ko leƙa motar bai yi ba, ya ce, "Ku direbobi kullum matanku naƙuda suke." Ya sa yaransa suka cire batir, suka sa shi a motarsu suka yi gaba. Rana tsaka, ba ranar kasuwa ba, hanya wayam. Iyatu da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ita ta riƙe, shi kuma ya tura, kilomita uku, har ƙofar asibiti.

"Direba, a ɗan numfasa," in ji Alhaji. Dariyar ta tafi, rigar ta manne a bayansa.

"Yanzu fa ta kusa kamawa, ranka ya daɗe. Ƙara kaɗan."

Wallahi daɗi Sodangi ya ji, daɗi mai ɗaci, kuma bai ji kunyarsa ba. Wani ɗan acaba ya rage gudu zai taimaka, Sodangi ya ɗaga masa hannu alamar ya wuce. Ya bar motar tana gangarawa a hankali, in ya ga ta yi wa tsohon sauƙi sai ya ɗan taɓa birki. Suka wuce gonar gero, suka wuce kwalbati. Hular Alhaji ta faɗi, bai ko koma ɗauka ba.

Can sai turin ya tsaya. Dattijon ya kifa goshi a kan but ɗin motar, yana haki kamar an shaƙe shi, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Sodangi ya ja birkin hannu ya fito.

"Ɗana, ina da hawan jini. Mu jira wata motar."

"Ni ma haka na ce maka a lokacin, ka bari in kai ta in dawo."

Alhaji ya ɗago, bai fahimta ba. Sodangi ya zayyana masa komai, ranar, tsamiyar, batirin, har maganar da ya yaɓa masa. Yana faɗa yana jiran ya ga tsoro a idon mutumin. Abin haushi, sai ya ga laluben tunani kawai. Bai tuna ba! Shi shekara goma sha ɗaya yana kwana yana tashi da fuskar nan, ashe shi ko ɗigo bai zama ba a ran mai ita.

"Na tsare motoci da yawa," Alhaji ya ce a hankali. "Ba zan yi maka ƙarya in ce na tuna ba. Amma maganar tawa ce, na san na sha faɗinta." Ya dubi Sodangi. "Ta sauka lafiya?"

"Ita ta rayu. Ba ta sake haihuwa ba."

"Abin da aka haifa fa? Me aka sa masa?"

"Ɗiya ce. Ba ta kai suna ba."

Kurciya ta yi kuka daga cikin gero. Alhaji ya cire kyamarar daga wuyansa, ya ajiye ta a kujerar baya, ya rufe ƙofa.

"Motar lafiyarta lau ko?"

"Lau."

"Saura nawa a kai asibitin?"

"Kilomita biyu."

Dattijon ya koma bayan mota, ya kafa tafukansa biyu a kan but ɗin da ya yi zafi.

"Shiga ka riƙe sitiyari."

Sodangi ya shiga ya zauna. Ya kai hannu kan makulli, murɗawa ɗaya ce kawai, kowa ya huta. Ya dubi madubi, ya ga furfura da gumi da leɓe na karkarwa. Ya janye hannunsa daga makullin, ya saki birki.