Malam Zubairu Ya Je Ganin Toho

"Ku daina girgiza ni!" in ji Malam Zubairu daga cikin kujerar dako mai labule. "Shekara talatin ina ɗaukar Turawa a garin nan, ba wanda ya taɓa kuka da kafaɗata."

Idirisu da Umaru, tsofaffin abokan dakonsa, suka tuntsire da dariya, sandunan kujerar na rawa a kafaɗunsu. Lantana, maƙwabciyarsa mai tuyar ƙosai, tana biye da goran ruwa. Su huɗu ne suka rage masu jin Hausa a Itapuã, garin da ke can ƙetaren teku, dukansu an kawo su bayi, suka fanshi kansu. Kwanan Malam tara bai iya tashi ba, amma da safen nan ya kafe sai an kai shi dajin bayan gari.

Wata uku ke nan da gobara ta cinye dajin. Lantana ta yi kuka a lokacin, don can take samun itace da yazawa. Ba ta sake leƙawa ba.

Da suka haura tudun yashi sai ta tsaya cak. Kututtura baƙaƙe na nan tsaye, amma ƙasa ta yi kore shar, furanni ko'ina. Tsuntsaye na ta ƙwanƙwasar itatuwan da suka ƙone, zuma na shiga wani rami tana fita.

"Ikon Allah! Malam, na ɗauka dajin ya mutu."

"Ina! Da can inuwa ta hana ƙananan tsire-tsire tashi. Wuta ta buɗe musu sama, toka ta zame musu taki. A ƙasar Zazzau, bayan ruwan farko, irin wurin nan muke fara kai shanu." Ya juya wajen Umaru. "Na ji kana shirin sare kututturan nan ka yi gawayi."

"To me za su yi, Malam?"

"Tsutsa na ciki, tsuntsu na cin tsutsa, zuma ta samu ɗaki. Ka bar musu."

"Na bari."

Suka sauke shi. Ya sa tafin ƙafarsa cikin ciyawa, ya lumshe ido, ya kama kiran shanun mahaifinsa da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Da ya manta na bakwai, Lantana ta ce, "Ko Mai Rowa ce, irin mai ita?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta ba shi ruwa, ya sha, ya ce alhamdulillahi.

A hanyar komawa ba a ji faɗansa ba. Idirisu ya kira shi sau biyu. Lantana ta ɗaga labulen kujerar, ta daɗe tana dubansa, sannan ta shafa masa ido.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Mazan suka gyara sanduna, suka rage sauri, ƙafa na bin ƙafa. Lantana ta waiga. Sawunsu ya jeru baƙi-baƙi a kan farin yashi, tun daga bakin dajin.