Hannu Ɗaya a Aljihu

"Hagun a aljihu, Gwenda. Sau nawa zan faɗa?"

Gwenda ta cusa hannun hagu cikin aljihun rigar sanyinta, ta zura na dama a bayan akwatin wasan. Shekarunta sittin da takwas, gwiwa ba lafiya, ga ta durƙushe a falon maƙwabcinta tana laluben wayoyi. Shi kuwa Lionel yana kan kujera da robar iska a hanci, ba abin da ya rage masa sai baki.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran irin waɗannan akwatuna a ɗakunan wasa na bakin teku, tun zamanin da yara ke bin layi da kwabbai don su harbi ɗigon haske a gilashi. Yanzu ɗakunan sun koma shagunan kofi, huhunsa ya ƙare, akwati ɗaya ya rage masa, shi ma ya daina kawo wuta. 'Yarsa Bryony za ta zo ranar Asabar, shekara goma sha ɗaya rabonta da gidan. A kan wannan akwatin ta koyi wasa, shi ya sa ya kafe sai ta same shi a kunne.

"Kai tsoho, ka kira ta mana ka ce ka yi kewarta. Ai ya fi wannan wahalar sauƙi."

"Ban iya ba. Jar wayar za ki kama, ba baƙar ba."

Kwana huɗu suna abu ɗaya. Gwenda ta gaji da ƙurar, ta gaji da faɗansa, amma kullum sai ta dawo. Sabo turken wawa. Ranar Juma'a da yamma gilashin ya kawo haske. Ta juyo za ta yi masa albishir, ta tarar kansa ya langaɓe, rai ya yi halinsa, shayinsa ko hucewa bai yi ba. Abin ya yi mata ciwo, don ba ta san ko ya gani ba.

Bryony ta iso ranar Asabar, ta tsaya a ƙofar falon ido a bushe.

"Ko ranar aurena hannunsa ɗaya na aljihu," ta ce. "Bai taɓa rungumata da hannu biyu ba."

"Sana'ar ce ta koya masa, 'yar nan," in ji Gwenda. "Gilashin nan yana riƙe wuta ko an kashe shi. In ka sa hannu biyu ta ja ka, ta zuciyarka wutar take bi."

Bryony ta zauna a gefen kujerarsa ba ta ko ajiye jaka ba. Can a kusurwa akwatin yana ta wasa shi kaɗai, yana jiran mai jefa kwabo.