Ɗakin Mai Girma

Ɗaki uku ne a gidan, kuma wanda ya fi kowanne iska da haske ba mutum ke kwana a cikinsa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Injiniya ya dawo gida da wani ƙaton akwatin ƙarfe, ƙarti biyu na nishi a ƙarƙashinsa. Kamfanin da yake yi wa zanen gine-gine ne ya rage ma'aikata ya kuma sauya kayan aiki, shi kuwa ya fito da tsohuwar sabarsu, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da aikin ofishin gaba ɗaya. Ya ce wa matarsa furosesa biyu ne a cikinta, ƙwaƙwalwa biyu ke nan, kuma ba ta shiri da zafi. A ranar aka kwashe katifun yara zuwa falo. Esi, na'urar sanyaya ɗaki ɗaya tilo da suka taɓa saye, a ɗakin aka kafa shi. Yaran suka raɗa wa injin suna Mai Girma.

Matar, wadda kowa a gidan ke kira Umma, ta koyi zama da Mai Girma kamar yadda ake koyon zama da maƙwabci mai fitina. Ba a guga in tana aiki, don wuta za ta ɗauke. Ba a share ɗakin da tsintsiya, sai da jiƙaƙƙen tsumma. In Injiniya ya ba Mai Girma zanen gida ta mayar da shi hoto don nuna wa mai gini, sai ta kama gurnani na kusan awa guda, kowa ya rage murya. Umma ba ta taɓa ƙorafi ba. Da Mai Girma ake ci, da ita aka biya wa yara makaranta.

Sau ɗaya ta nemi ɗakin. Shekara uku da suka wuce, Inna, mahaifiyarta, ta samu shanyewar ɓarin jiki.

"Ko wata shida ne," ta ce masa. "In kula da ita da hannuna."

"In na ɗaga injin nan, ina zan kai shi? A falo zafi zai kashe shi cikin sati. Kuma babu abin da zai yi aikin da yake yi."

Ta yarda, don ba ta san komai a kan injin ba. Aka kai Inna gidan ƙanen Umma, hawa na uku, ɗaki ɗaya da jikoki huɗu. Mota biyu Umma ke shiga kafin ta isa, kullum, har wata biyar. Ranar da Inna ta cika, tana cikin mota ta biyu aka kira ta.

Wata Asabar da hantsi Auta ta zo gida. Ita ce ƙaramarsu, ta bi sahun mahaifinta a zanen gini, tana aiki a wani kamfani. Ta tarar da shi yana mita: mai gini ya sake sauya ra'ayi a kan rufi, sai an sake hoton daga farko, kuma mutumin na hanya.

"Abba, ba ni fayil ɗin in gwada a tawa."

Ya kalli laftof ɗinta, wadda ba ta kai littafin rubutu kauri ba, ya yi dariya. "To, a yi tsere. Ke da farantinki, ni da dattijuwata."

Umma na bakin ƙofa tana ninke wanki. Suka danna a tare. Mai Girma ta ɗauki gurnaninta, fankokinta na huci har labule na motsi. Ta Auta kuwa ko tari ba ta yi ba, tana kan cinyarta, ita kuma Auta tana duba saƙo a waya. Minti shida hoton ya fito, da rufinsa da inuwar bishiyoyinsa. A fuskar allon Injiniya, layin da ke nuna ci gaban aiki bai kai kwata ba.

"Wannan ai gudun yara ne," ya ce. "Tawa an yi ta ne don ta shekara tana aiki ba hutu. Ma'aikata ashirin da huɗu ne a cikin ƙwaƙwalwarta."

"Haka ne, Abba. Amma tsofaffi ne. Ɗaya daga cikin nawa zai yi aikin huɗu daga cikin naka. Kuma wutar da taka ke sha a awa ɗaya, tawa sai ta yini ba ta sha ba."

Umma ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ita wannan ba ta buƙatar esi?"

"Ko fanka, Umma. A kan gado ma nake aiki da ita."

"Tun yaushe aka fara yin irinta?"

"Ai an daɗe. Ko wadda na yi makaranta da ita ta fi Mai Girma sauri. Na taɓa gwada wa Abba a nan ɗakin, ina shekarar ƙarshe, kafin ciwon Inna da..."

Auta ta dubi mahaifiyarta, ta dubi mahaifinta, ta rufe laftof ɗin a hankali, ta ce bari ta sha ruwa.

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ba ta ma shiga ɗakin ba, don ta saba tsayawa daga bakin ƙofa.

"Ashe ka sani."

"Ba yadda kike zato ba ne."

"Ka ce min babu abin da zai yi aikin da yake yi."

Injiniya ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. "Duk aikina na cikinta. Ni na san ta, na san inda ke mata ciwo. Rana ɗaya suka fitar da mu daga ofishin nan, ni da ita. In na ce ta ƙare, me na ce game da kaina?"

Ta ji maganar, ta kuma gane ta. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, don da ƙarya ya yi da ta san inda za ta ajiye fushinta.

"Inna ba ta nemi esi ba," ta ce. "Taga take so, da wanda zai juya ta."

Ta kwashi wankinta ta wuce. Bayan minti arba'in Mai Girma ta gama nata hoton, babu wanda ya je ya duba. Na Auta aka nuna wa mai gini, ya yaba, ya tafi.

Sati biyu bayan haka Injiniya ya kashe injin da hannunsa. Auta ta kawo masa tsohuwar laftof ɗinta, ta kwashe masa aikinsa ta zuba a ciki. Mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo, ya ɗaga akwatin ya ji nauyinsa, ya ce da kilo yake saye, ba ruwansa da abin da ke ciki. Injiniya ya share ɗakin, ya sa aka yi fenti, sannan ya same ta a kicin.

"Ɗakin naki ne yanzu. Ki yi abin da kike so da shi."

"Na gode," ta ce, ba ta juyo daga wanke-wanken ba. "Ba ni da wanda zan sa."

Auta ta kira da yamma tana kuka, tana cewa ita ta jawo.

"Me kika yi? Tambayarki na yi, kika amsa."

Tun daga lokacin Injiniya a falo yake aiki, laftof a kan teburin cin abinci. Umma na kai masa shayi a kan lokaci, tana yi masa sannu da aiki, in ya tambaye ta abu ta amsa. Ya sha ɗago kai kamar zai yi magana, sai ya tarar ta riga ta juya.