Tambayar da Mama Ta Yi a Coci

Shekara uku ke nan Tela da ƙaninsa Direba ba sa ga maciji da juna, alhali gida ɗaya suke zaune, ƙofar wannan na kallon ƙofar wancan, ɗakin mahaifiyarsu a tsakiya. Abin da ya haɗa su bai taka kara ya karya ba. Direba ne ya ari tsanin yayansa don gyaran rufi, ya dawo da shi da ƙafa ɗaya a karye, ya kuma kafe cewa haka ya same shi.

Da yake dukansu masu ibada ne, ba wanda ke fashin addu'ar safe a ɗakin Mama. A nan ne ma suke isar wa juna saƙo. Tela zai rufe ido ya ce, "Ya Ubangiji, ka taɓa zuciyar wasu mutane da ke wanke mota su bar ruwa kwance a ƙofar bayinka." In layi ya zo kan Direba sai ya ce, "Uba, ka ba mu haƙurin zama da masu taka keken ɗinki tun gari bai waye ba." Matansu su ce amin, kowace ga addu'ar mijinta. Mama dai sai ta buɗe ido ɗaya ta dube su, ta mayar ta rufe.

Ana nan aka kawo sabon fasto. Bai san komai game da gidan ba, ya dai ga Tela dattijon ikilisiya ne mai kamala, sai ya roƙe shi ya koyar ranar Lahadi a kan haɗin kan iyali. Tela ya karɓa hannu bibbiyu. Mako guda yana bitar darasin a tsakar gida da murya sama, fuskarsa wajen tagar ƙaninsa.

Ranar Lahadi ya hau mumbari cikin sabon ɗinki, ya kuwa yi koyarwa. Ya kawo labarin wanda 'yan'uwansa suka sayar, ya zama babba a wata ƙasa, ya yafe musu. Ya kawo na uban da ya ruga ya rungume ɗansa da ya dawo daga yawon banza. Har hawaye ya share. Mata suna ta gyaɗa kai. Direba yana can bencin ƙarshe yana nazarin fankar sama.

Da aka ba da damar tambaya, sai Mama ta ɗaga sandarta.

"Malam mai koyarwa," in ji ta, "akwai wata tsohuwa da na sani, 'ya'yanta biyu ba sa gaisawa. Wa ya kamata ya fara zuwa wurin wani?"

Tela ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya. "To, Mama, a bisa tsari, ƙaramin ne zai nemi babban."

"A wace aya?"

Ya shiga buɗe shafuka, gaba da baya, gumi na tsattsafo masa. Fasto, da zuciya ɗaya, ya taso ya taimaka masa. Ya buɗe masa wurin da aka ce wanda ya kawo baiko, wato sadaka ga Allah, gaban bagade, inda ake miƙa hadaya, ya tuna akwai wata a ƙasa tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna.

"Ka ga babu maganar babba ko ƙarami," in ji fasto. "Wanda ke tsaye a gaban bagade shi zai tafi."

"Yauwa," in ji Mama. "To wa ke tsaye a wurin yanzu?"

Dariya ta kufce wa wata a cikin mawaƙa, ta mayar da ita tari. Sai a lokacin fasto ya gane inda aka dosa, ya koma kujerarsa a hankali.

Tela ya sauko. Bai taɓa sanin cocin yana da tsawo haka ba sai ranar. Ya isa bencin ƙarshe, ya tsaya, ya miƙa hannu.

"Ina kwana."

Direba ya miƙe tsaye. Ya so ya ja aji, amma sai ya kama hannun yayansa da hannu biyu. "Lafiya lau, Yaya. Ai ni ya kamata in gaishe ka."

"Da ma na faɗa," in ji Tela ƙasa-ƙasa.

Da aka tashi, Direba ya buɗe masa gaban mota, Mama da matan suka shiga baya. Ba su kai kwanar farko ba Tela ya ce gudun ya yi yawa. Direba ya ce shekararsa ashirin a kan sitiyari, bai taɓa koya wa kowa saka zare a allura ba. Suka yi ta yi har ƙofar gida. Matar Tela ta so ta sa baki, Mama ta dafa mata gwiwa.

"Ƙyale su," in ji ta. "Suna da na shekara uku a baki, ba yau za su gama ba."